MeSH ba ƙamus ba ne: amsa ga ɗalibar da aka mayar wa babi na ɗaya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Gusau, ina ajin ƙarshe. Kundina a kan abin da iyaye mata suka sani ne game da gubar dalma a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin Anka. Sau biyu ke nan malamin da ke duba aikina yana mayar mini da babi na ɗaya. Ya ce muhimman kalmomin da na jera a ƙarƙashin tsakure ba na MeSH ba ne, kuma ma'anonin kalmomin da na kawo ba su da tushe. Na ji kunyar tambayarsa mene ne MeSH ɗin. Shin wani ƙamus ne na likitoci? Idan na same shi, zan iya kwafo ma'anonin daga ciki in huta? Allah ya ƙara ilimi."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amin, tare da ke. Na daɗe ina aiki a laburaren wata makarantar koyon aikin lafiya a Birnin Kebbi, kuma ba shekarar da za ta wuce ba a zo mini da wannan tambayar ba, galibi ana saura mako biyu a miƙa kundi. Kin haɗa tambayoyi biyu a guri guda, malaminki ma gyara biyu ya yi miki. Na farko a kan kalmar da ake neman rubutu da ita ne, na biyu kuma a kan ma'anar da za ki ɗora bincikenki a kai. MeSH zai biya miki buƙata ta farko gaba ɗaya. A ta biyu kuwa rakiya kawai zai yi miki zuwa bakin ƙofa. Akwai kuma ta uku da ba ki tambaya ba, wadda a ganina ta fi su nauyi: kalmar da za ki faɗa wa matar da za ki zauna da ita a tsakar gida a ƙauyen Bagega na yankin Anka. Zan zo kanta.

Sunayen da zan kawo na MeSH zan bar su da Turancinsu, don haka za ki buga su a kwamfuta. Harafi ɗaya ya kuskure, sai dai ki dawo hannu rabbana.

Asalin abin

MeSH taƙaitawa ce ta Medical Subject Headings, wato kanun batutuwan likitanci. Babban laburaren likitanci na ƙasar Amurka, wanda ake kira NLM, da ke garin Betesda a jihar Merilan, shi ya tsara shi kuma shi ke kula da shi. Tun 1879 wani likitan soja, John Shaw Billings, ya fara fitar da jerin maƙalun likitanci da ake bugawa a duniya, mai suna Index Medicus. Da rubuce-rubuce suka yi yawa sai aka ga dole a tsayar da sunaye na dindindin da za a riƙa jera su a ƙarƙashi. A 1960 aka fitar da MeSH na farko da kanu wajen 4,400. Yau sun kai kimanin 30,000, kuma kowace shekara ana sabunta su: a ƙara sababbi, a sauya wa wasu suna, a soke wasu. MEDLINE, rumbun NLM na jerin maƙalun likitanci a kwamfuta, ya fara aiki a 1971, PubMed kuma, wanda shi ne ƙofar da ke da ni muke shiga ta intanet kyauta, ya bayyana a 1996.

Matsalar da aka so a warware ita ce marubuta ba su kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Wani zai rubuta heart attack, wani myocardial infarction, wani ya taƙaita shi da haruffa biyu. Mai nema ya buga ɗaya, sauran sun tsere masa. Sai aka ce to a yi wa kowane batu sunan yanka guda, sauran sunayen su zama laƙabi. Sunan yankan bugun zuciyar nan shi ne Myocardial Infarction, na ciwon daji Neoplasms, na hawan jini Hypertension, na sikila kuma Anemia, Sickle Cell. Duk maƙalar da ta shiga MEDLINE ana liƙa mata sunayen yankan abubuwan da ta yi magana a kai, ko marubucin ya yi amfani da su ko bai yi ba. Kin san yadda za a zo unguwa ana cigiyar Malam Abubakar a ce ba a san shi ba, sai an ce Garba ko Buba? MeSH rajista ce da ta san Garba da Buba da Habu duk mutum ɗaya ne.

Batunki ya fi na kowa buƙatar wannan rajista, saboda kalmar Turanci ta dalma, lead, muguwar kalma ce wurin nema. Ita ce dai kalmar jagoranci, ita ce "yana haifar da" da ke cikin kusan kowace maƙala, ita ce kuma sunan wayoyin da ake manna wa majiyyaci a ƙirji wurin gwajin zuciya. Ki buga ta tsurarta, sai tarin da ba ruwansa da ke ya rufe ki. Amma Lead Poisoning na MeSH ma'anarsa ɗaya tak. Ko marubuci ya kira abin plumbism, ko Bafaranshe ne ya ce saturnisme, a ƙarƙashinsa za a ajiye. Mu ma muna da irin wannan rikicin ta wani gefen. Cutar nan mai cin fuskar yara, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato, sunanta a likitance Noma. Na taɓa ganin ɗalibi ya tsallake ta a jeri, ya ɗauka maganar gona ake yi.

Yadda aka jera shi

Ki ɗauko hoton kasuwar Jega a ranki. Akwai ɓangaren 'yan hatsi, a cikinsa layin gero daban, na dawa daban, na shinkafa daban, a cikin na shinkafar ma shanshera daban gyararriya daban. Haka MeSH yake. Manyan sassa 16 ne, kowanne da harafinsa: A na sassan jiki, B na halittu har da ƙwayoyin cuta, C na cututtuka, D na sinadarai da magunguna, E na hanyoyin gwaji da jinya, M na rukunonin mutane, N na harkar kula da lafiya, Z na ƙasashe da wurare, da sauransu. Kowane sashe yana rassa, rassan suna 'ya'ya. A ƙarƙashin Malaria za ki ga Malaria, Falciparum da Malaria, Vivax da Malaria, Cerebral. Idan kika nemi uwar a PubMed, da kansa zai haɗo miki da 'ya'yanta sai in kin hana shi. Batu ɗaya kuma yana iya zama a reshe fiye da ɗaya, kamar yadda sikila take cutar jini kuma take cutar gado.

Bayan manyan kanu akwai ƙanana, saba'in da 'yan kai, da ake maƙala wa babba don a nuna ta wane gefe aka taɓa shi. Lead Poisoning/epidemiology yana nufin yaɗuwar gubar da yawan waɗanda ta kama. Lead Poisoning/prevention & control rigakafi da daƙilewa. Lead/blood kuwa awon dalma a cikin jini. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, don maƙalu da yawa da suka auna jinin yara a can ake samunsu. Idan kuma kika ga tauraro a jikin wani kan batu a ƙasan maƙala, alama ce shi ne ginshiƙin maƙalar, ba a gefe aka ambace shi ba.

Tarkuna biyu ne za su kama ki idan ba ki lura ba.

Na farko shekarun yara. A bakinmu, har a Turancin yau da kullum, child yaro ne kawai. A MeSH kuwa Child ɗan shekara 6 zuwa 12 ne. Ɗan shekara 2 zuwa 5 shi ne Child, Preschool. Daga wata 1 zuwa 23 Infant. Kwana 28 na farko Infant, Newborn. Idan kika buga Child zai janyo miki Child, Preschool tunda ɗansa ne, amma ba zai janyo Infant ba, reshensu daban. Ke nan kin zubar da masu rarrafe da masu tatata, alhali su suka fi kai ƙasa baki, su kuma dalma ta fi yi wa illa. Dole ki haɗa Infant da Child, Preschool da kalmar OR, wato "ko", a tsakani. Ki kuma lura cewa ko hakan bai yi daidai ƙwabo da ƙwabo da "ƙasa da shekara biyar" na ma'aikatan lafiya ba, wanda ke tsayawa a wata 59.

Na biyu sunayen wurare. Nigeria tana cikin MeSH a ƙarƙashin Africa, Western. Jihohin Amurka kowace tana da nata kan batun, namu kuwa babu ko ɗaya. Ba Zamfara, ba Kebbi, balle Anka ko Bukkuyum. Waɗannan sai ki neme su a matsayin kalmomi tsurarsu a cikin take da tsakure. Idan kika so kwatanta annobar gubar dalma da ta faru a Zamfara a 2010 da wadda ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, nan za ki sha mamaki. Niger a MeSH Jamhuriyar Nijar ce. Idan kuma kika buga kalmar tsurarta, za ta kwaso miki Nijar da jihar Neja da Neja Delta, ta ƙara miki da wata fumfuna mai suna Aspergillus niger. Ni kaina ta taɓa kama ni, na kwashe rabin yini ina tsintar maƙalu daga cikin fumfuna kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Haka Benin take: ƙasar da muke iyaka da ita ta wajen Bagudo ce, ba birnin jihar Edo ba.

Muhimman kalmominki

Ban ga jerin da kika miƙa ba, amma zan iya cinka, don iri ɗaya ake kawo mini: assessment, knowledge, mothers, lead, Anka. An tsinko su ne daga taken kundi kawai. Malaminki yana so ki musanya su da sunayen yanka, domin ranar da aikin ya zama maƙala, mai nema ya same shi a layin da ya dace. Mujallun lafiya da yawa ma sharaɗi suke sawa a kan haka.

Hanyar ba wuya. A shafin farko na PubMed akwai mahaɗi zuwa MeSH Database, akwai kuma MeSH Browser a shafin NLM, duk kyauta, kuma suna buɗewa a waya. Ki buga kalmarki, zai nuna miki sunan yankanta, da laƙabobinta, da reshen da take, da shekarar da aka shigar da ita. Akwai kuma MeSH on Demand, inda za ki liƙa tsakurenki gaba ɗaya ya ba ki shawarar kanun da suka dace. Shawara ce fa, na'ura ce ke bayarwa, sai kin tace. Da ni ne ke, zan miƙa waɗannan: Lead Poisoning; Health Knowledge, Attitudes, Practice; Mothers; Child, Preschool; Infant; Mining; Nigeria. Na biyun nan shi ne gidan duk binciken da ya shafi sani da ɗabi'a da aiki, irin wanda rabin ɗalibanmu ke yi. Idan kakanni da kishiyoyi da yayye na cikin waɗanda za ki tambaya, kuma a gidajenmu kusan dole ne, to Caregivers ya fi Mothers gaskiya. In an ƙayyade miki biyar, ki fara sauke Infant ko Mining, gwargwadon inda aikinki ya fi karkata.

Dabarar da na fi koya wa ɗalibai ma ta fi wannan sauƙi. Ki samo maƙala ɗaya mai kyau a kan abin da ya faru a Zamfara, cikin waɗanda ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ko na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka rubuta. Ki gangara ƙasan shafinta a PubMed, za ki tarar da kanun da aka liƙa mata a jere. Ki yi haka da maƙalu uku ko huɗu. Kanun da suka riƙa maimaituwa, su ne naki.

Inda ya gaza

Kada ki ɗauka duk abin da ke PubMed yana da kanun MeSH. Mujallu dubu biyar da 'yan kai ne ke cikin MEDLINE, su ake yi wa wannan hidimar. Akwai maƙalu masu ɗimbin yawa da ake gani a PubMed ba tare da kanu ko ɗaya ba. Wanda ya nema da MeSH kaɗai ba zai gan su ba. Shi ya sa kowane ɓangare na nemanki ya kamata ya tsaya da ƙafa biyu: sunan yanka, OR, sannan laƙabobin da marubuta ke amfani da su a take da tsakure. Sai ki ɗaure ɓangarorin da AND, wato "da". Idan kika buga kalmomi haka kawai, PubMed yakan yi ƙoƙarin fassara su zuwa MeSH da kansa. Ki shiga shafin Advanced ki buɗe bayanin neman, za ki ga abin da ya mayar da kalmominki. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yi miki shisshigi.

Da can mutane ne ƙwararru ke karanta kowace maƙala su liƙa mata kanu. Tun watan Afrilu na 2022 na'ura ce ke yin aikin, mutane na bin sawun wani ɓangare. An samu sauri, sai dai idan kika ga kan batun da bai yi kama da maƙalar ba, ki yarda da idonki.

Sai babban gibin da ya shafe mu. Mujallun Najeriya da suka shiga MEDLINE ba su da yawa. Akwai irin Annals of African Medicine mai tushe a Sakkwato, da Nigerian Journal of Clinical Practice, da West African Journal of Medicine. Sauran sai ki bi su African Journals Online, da African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka. Rahotannin ma'aikatu da ƙungiyoyi da kundayen ɗalibai 'yan uwanki kuwa ba su cikin ko ɗaya, sai an taka an je.

Kuma MeSH da idon Ba'amurke aka tsara shi. Misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ungozoma. Idan kika nemi traditional birth attendant, zai kai ki Midwifery, gida ɗaya da ungozomar da ta yi makaranta ta samu lasisi. A wurinmu bambancin waɗannan biyun shi ne ma abin da ake bincike a kai. Mutanen Kudancin Amurka sun ga irin wannan gibin tuntuni. Cibiyar BIREME da ke Sawo Fawulo a Burazil ta ɗauki MeSH a shekarun 1980 ta fassara shi da Fotugis da Sifaniyanci, ta ƙara masa sassan da suka shafe su kamar lafiyar al'umma, ta kira shi DeCS. Faransawa ma suna da fassararsu, wadda cibiyar Inserm ta yi, kuma tana da amfani ga mai neman rubutun likitocin Yamai ko Kwatano. Hausa ba ta cikin harsunan da aka fassara shi da su.

Kada kuma ki rikita shi da ICD, lambobin da kike gani a ofishin rajistar asibiti. ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, na ƙidayar cututtuka da musabbabin mutuwa, bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Shi majiyyaci yake yi wa lamba, MeSH kuwa takarda.

Batun ma'ana

Yanzu ga tambayarki ta ko za ki kwafo ki huta. Yawancin kanun MeSH suna da ɗan bayani a ƙasansu, jimla ɗaya zuwa uku. Wasu an ɗebo su ne daga manyan ƙamusoshin likitanci irin Dorland da Stedman, har akan rubuta hakan a ƙarshensu. Wasu kanun ba su da shi sam. An rubuta bayanin ne don mai rajista ya san iyakar abin da zai zuba a wannan layin da wanda zai kai wani. Yana da tushe, ana iya kafa hujja da shi, ya fi abin da ɗalibai ke kwasowa daga shafin da ba a san mai shi ba nesa ba kusa ba. Idan za ki ɗauka, ki rubuta sunan NLM da shekarar bugun, tunda ana sauyawa. Har 2011 akwai Mental Retardation, a 2012 ya koma Intellectual Disability. Kowane kan batu yana kuma da lambarsa da ba ta sauyawa ko an sauya suna, misali ta Hypertension ita ce D006973.

Amma abin da ake nema a babi na ɗaya ya wuce nan. Ana so ki faɗi abin da kalmar ke nufi a cikin wannan binciken naki, ta yadda wata ɗaliba a Argungu za ta karanta ta auna abu ɗaya da wanda kika auna. MeSH zai gaya miki gubar dalma illa ce da shigar dalma jiki ke haddasawa. Ba zai gaya miki daga adadi nawa a jini za ki ce yaro ya kamu ba, kuma wannan adadin ya sha sauyawa. Hukumar CDC ta daɗe tana riƙe da maikurogiram 10 a kowace desilita ta jini. A 2012 ta sauko zuwa 5, a 2021 ta sake saukowa zuwa 3.5. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce daga 5 a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaron da ita, ta kuma ce babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa. Maganin da ke janye dalma daga jiki, succimer, wanda da shi aka yi wa yaran Anka da Bukkuyum jinya, daga 45 aka saba fara ba da shi. Kin ga idan wata maƙala ta 2011 ta ce kashi kaza na yara sun haura iyaka, wata ta 2022 ma ta faɗi nata kason, ba iyaka ɗaya suke nufi ba. Wanda ya jera su a teburi ɗaya bai faɗi haka ba ya auna da mudu biyu.

Haka hawan jini yake. Hukumar Lafiya ta Duniya na kan 140 bisa 90, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko 130 bisa 80 tun 2017. Sunan yanka ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Saboda haka kowace kalma ki ba ta hawa biyu. Hawa na farko ma'anarta ta ilimi, daga MeSH ko ƙamusun likitanci ko littafin da ake koyar da ku da shi. Hawa na biyu ma'anarta a aikinki, daga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ko ta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da shekararta. Kalmar da za ta fi ba ki wuya ma ba dalma ba ce, "sani" ce. Ba wata hukuma da za ta gaya miki uwa ta sani ko ba ta sani ba. Ke za ki yanke: tambayoyi nawa, amsa nawa daidai ne sani mai kyau, nawa ne matsakaici, kuma me ya sa kika yanka a nan. Ki yanke kafin ki fita fili, kada ki jira sai kin ga amsoshi. A nan aikina ya tsaya. Ni mai laburare ne, na iya nuna miki inda ƙa'idojin suke da yadda suka saɓa wa juna, amma wacce za ki bi a cikinsu, da inda za ki yanka makin sani, wannan tsakaninki da malaminki ne da likitan yaran da ya san yankin.

Kalmar da za ki faɗa a tsakar gida

Mutanen da za ki je wurinsu ba labari aka ba su ba. A 2010, a ƙauyuka irin Dareta da Yargalma da Abare, an riƙa kawo dutsen zinari gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana shanyawa a inda yara ke wasa, ba a san dutsen cike yake da dalma ba. Yara wajen 400 suka rasu. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Wata cikin matan da za ki tambaya ta binne nata. Ki shiga da sanin haka.

Kalmominmu na cuta ba su hau kan na likitanci ɗaya bisa ɗaya ba. Shawara a bakin mutane tana iya zama rawayar ido, ko ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara, a MeSH kuwa Jaundice da Hepatitis da Yellow Fever gida uku ne a rassa daban-daban. Basir ya ɗauko abubuwa da yawa da suka wuce Hemorrhoids. Sanyi kuwa ba a magana. Haka "gubar dalma" take. Kalma ce ta rediyo da ma'aikatan lafiya, kuma a yankin Anka an ji ta sosai. Amma guba a kunnen mutane da yawa abu ne da aka ci ko aka sha ya kayar da mutum nan take. Abin da ke taruwa a hankali daga ƙura, ya daƙushe ƙwaƙwalwar yaron da ke yawo lafiya ƙalau, bai yi kama da guba ba. Idan kika tambayi uwa ko ta san gubar dalma ta ce e, ba ki gano komai ba tukuna. Wataƙila taune-taune da suma kawai ta sani, waɗanda ta gani da idonta. Wata kuma ta ce a'a, alhali ta san sarai ba a barin miji ya shigo da kayan da ya yi aiki da su a wurin haƙa, ba a kuma daka hatsi a turmin da ya daka dutse. Wannan ta biyun ta fi ta farko sanin abin da ke kare yaro, amma takardarki za ta ba ta sifili.

Don haka ki rage tambayar suna, ki yawaita tambayar aiki da alama. Ina ake niƙa dutse? Ina ake wanke kayan masu haƙa? Ana wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci? Ki sa tambaya a kan kwalli ma, don wanda ake yi da baƙin dutsen nan mai ƙyalli cike yake da dalma, ga shi ana ranbaɗa wa jarirai. Idan kin fassara tambayoyin da Hausa, ki ba wani da bai taɓa ganin na Turancin ba ya mayar da su Turanci, ki kwatanta biyun, duk inda suka saɓa akwai gyara. Sannan ki gwada su a kan mata biyar ko goma 'yan yankin, ba 'yan ajinku ba, don Hausar Gusau ta makaranta da ta ƙauyen Anka ba kullum suke haɗuwa ba. Duk kalmar da suka gyara miki, tasu za ki ɗauka.

A ƙarshen kundin ki yi ɗan teburi mai gida uku: kalmar da kika yi tambaya da ita da Hausa, ma'anarta a aikinki, da kan batun MeSH da ya fi kusa da ita. Inda ba su hau juna daidai ba, ki rubuta hakan a gefe. Shafi ɗaya ya isa. Idan kin gama, ki turo mini jerin kalmomin da teburin in duba miki kafin ki mayar wa malaminki karo na uku.